Katin kwana talatin: bin sawun yaran da muka yi wa tiyata

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Tambaya ɗaya ce ta jawo wannan aiki. A taron da muke yi ƙarshen kowane wata don bitar waɗanda suka rasu a hannunmu, shugaban sashenmu na tiyatar yara ya cire tabarau ya ce, "Cikin jariran da muka yi wa aiki bara, nawa ne ke raye yau?" Ɗakin ya yi tsit. Mu muka yanka, mu muka ɗinke, amma aka rasa mai buɗe baki. Da shirun ya yi yawa sai ya dube ni, don ni ne babba cikin masu neman ƙwarewa, ya ce in nemo masa amsa.

Mako biyu na yi ina nema. Rijistar ɗakin tiyata tana da gurbi a ƙarshen kowane layi inda ake rubuta yadda aka tashi, kuma tun daga saman shafi har ƙasa magana ɗaya ce: an gama lafiya. Ba ƙarya aka rubuta ba, tunda yaro ya bar teburi yana numfashi. Rijistar ɗakin kwanciya kuma abu uku ta sani: an sallama, ya rasu, ko iyaye sun tafi da shi. Babu lambar da ta haɗa littattafan biyu. Foldoji kuwa, wasu na ɗakin kati, wasu na bayan motar wani mai rubuta kundinsa, wasu Allah kaɗai ya san inda suka shiga.

A shekarar nan mujallar Lancet ta fitar da binciken ASOS-Paeds, wanda ya bi yara 8,625 da aka yi wa tiyata a asibitoci 249 na ƙasashen Afirka 31 cikin 2022. Kashi 18 cikin ɗari sun samu matsala bayan aiki, kashi 2.3 suka rasu. Wato yara 23 a kowane dubu, alhali a ƙasashe masu arziki abin bai wuce 2 da ɗan ɗoriya ba. Ninki goma sha ɗaya ke nan. Na sha ambaton wannan lissafi a gaban ɗalibai ina jinjina kai, amma da wani cikinsu zai ce, "Dakta, mu a nan fa?" da na ji kunya.

Shawarar da muka yanke ita ce kowane yaron da ya shiga ɗakin tiyata a buɗe masa kati ɗaya, kuma ba a rufe katin sai an san inda yake a rana ta talatin, ko yana asibiti ko yana gida. Takardar da na fara tsarawa shafi biyu ce cike da gurabe. Metiron, shugabar nas-nas ɗinmu, ta juya ta gaba da baya ta ce, "Dakta, nas ɗaya ce ke kwana da yaran ɗakin nan duka. Wannan za ta cike ko magani za ta ba su?" Muka zauna da biro tana sokewa. Abin da ya rage ya shiga fuska ɗaya ta kati: shekaru da nauyi, ciwon da aikin da aka yi, kwana nawa yaron ya yi da ciwo kafin a kawo shi, zafin jiki, lokacin da aka ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, matsalar da ta biyo baya, da lambar waya.

Alƙalumanmu ba zan sa su a nan ba sai kwamitin ɗa'a na asibiti ya ba da izini. Yadda aikin ke tafiya zan riƙa rubutawa.

Litinin, 2 ga Disamba, 2024

Wata ɗaya, kuma abin da ya fi ba mu wuya suna ne.

Jariri ba shi da suna sai ran bakwai. Waɗanda aka haifa ba dubura, ko hanjinsu a toshe, a kwana na biyu ko na uku suke iso mana, sai a buɗe folda da sunan uwa. A yi aiki, a sallama, a je a yanka rago. Ran da aka dawo da shi dubawa da sunansa na yanka, ɗakin kati su buɗe masa sabuwar folda. Yaro ɗaya ya zama biyu: na farko ya ɓace a lissafi, na biyu ba shi da tarihi. Ga kuma alkunya. Ka tambayi yarinya sunan ɗanta na fari sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, sunan maigida ma haka, sai an kira kaka daga waje. Idan yau kakar uwa ce ta amsa, gobe kuma ta wajen uba, sai ka samu sunaye biyu, don kowace da abin da take kiransa.

Muka daina dogaro da suna. Kowane kati yana da lamba, kuma muna yago ɗan guntu mai lambar mu maƙala a katin rigakafin yaron, domin shi ne takardar da iyaye mata ba sa wasa da ita.

Sai nauyi. Na lura a kati da yawa nauyin cif-cif yake, kilo 3, kilo 10, kilo 15. Da na bincika ashe sikelin jarirai ya daɗe da lalacewa, ƙiyasi ake yi da ido. A kan wannan ƙiyasin ake lissafa ruwan da za a ƙara wa yaro da maganin barci da komai. An gyara sikelin ranar Alhamis, kuɗin gyaran bai kai na cin abincin rana na mutum uku ba.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama. Daren wata Juma'a aka kawo mana jaririya daga wani ƙaramin asibiti, an haife ta hanjinta a waje ta gefen cibiya, abin da muke kira gastroskisis. Sun yi tafiyar sa'o'i a motar haya. An lulluɓe hanjin da auduga jiƙaƙƙiya, aka naɗe ta da zani ɗaya. Wanda ya yi haka taimako ya nufa, amma jiƙaƙƙen abu a kan hanji cikin iskar hunturu tamkar randa ce, sanyi kawai yake ja. Leda mai tsabta ya kamata a rufe da ita. Da na taɓa ƙafar yarinyar sai na ji kamar na taɓa ƙarfen gado. Ba ta kai asuba ba.

Wannan ciwo shi ne ya fi tona bambancin da ke tsakaninmu da wasu. Binciken Global PaedSurg na 2021, a asibitoci 264 na ƙasashe 74, ya samu cewa a ƙasashe masu arziki kashi 1.4 na irin waɗannan jarirai ne ke rasuwa, a masu matsakaicin ƙarfi kashi 31.9, a matalauta kuwa tara cikin goma. Ɗinkin da ake yi a Landan shi muke yi. Abin da ya raba mu ɗumi ne, da ruwa, da jijiyar da za a sa abinci, da tsare yaro daga ƙwayoyin cuta.

Rasuwarta ta sa na koma kan gurbin zafin jiki a katunanmu. Kusan duka 36.8 ko 37. A watan Disamba, a ɗakin da tagoginsa biyu ba gilashi! Na tambayi Sista mai aikin dare, ba ta ɓoye mini ba. Ma'auni ɗaya ne a ɗakin, idan an are shi zuwa wani ɗaki sai ta sa bayan hannu a goshin yaro, in babu zazzaɓi ta rubuta abin da aka saba. Zazzaɓi aka koya mana nema duka, sanyi ba ya cikin abin da ido ke nema.

Muka yi karo-karo muka sayo ma'auni huɗu masu batir. Yanzu ana auna jariri sau huɗu: zai bar ɗakin kwanciya, ya isa ƙofar tiyata, an gama ɗinki, ya dawo gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jariri ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5, ƙasa da haka sanyi ya kama shi. Kwana biyar kacal da fara aunawa muka ga inda ɗumin ke zubewa. Akwai doguwar baranda a buɗe tsakanin ɗakin kwanciya da na tiyata, sannan akwai jira a bakin ƙofa. Babbar ɓarnar kuwa a cikin ɗakin tiyatar take, inda ake tuɓe yaro tsirara ana neman jijiya, a wanke masa ciki da ruwan magani mai sanyi, na'urar sanyaya ɗaki tana busa masa. Ni ne kuma mai yawan cewa a ƙara sanyin, don gumi na damuna a cikin rigar aiki. Laifi tudu ne.

Talata, 21 ga Janairu, 2025

Dokar da muka sa wa kanmu: ba a kunna na'urar sanyi sai an gama lulluɓe jariri. Hula a kai, a naɗe hannu da ƙafa da auduga busasshiya da leda, a ɗumama ledar ruwa kafin a ɗaura. Uwa ce ke rungumo shi a ƙirji ta ratsa baranda maimakon a turo shi a gado. Na hana jingina robar ruwan zafi a jikin fata, na taɓa ganin ƙunar da ta yi wa wani. Likitan sa barci ya karɓi aikin rubuta awon cikin tiyata da kansa, ya ce jaririn da ya yi sanyi dama shi yake wahalar da shi wajen farkawa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, 2025

Yau na tafka kuskure a gaban kowa.

Na gabatar da sakamakon wata uku a taron sashe. Don in nuna na yi aiki, sai na jera sunayen likitoci a majigi, kowa da adadin aikinsa da adadin waɗanda suka rasu. Wanda ya fito a ƙasa shi ne mutumin da duk muke kira idan aiki ya gagara, wanda ake tasowa ƙarfe biyu na dare don jaririn da maƙogwaronsa bai haɗu da ciki ba. Wanda ya fito a sama kuwa yawancin aikinsa ƙaba ce da gwaiwa, yaran da ke zuwa da ƙafarsu su koma gida da yamma. Babban likitan bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "To daga yau in aka kawo mai wuya sai in ce a kai wani asibitin, lissafina ya yi kyau. Haka kake so?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni." Bayan taro na bi shi ofis na sake ba da haƙuri.

Ya yi gaskiya ta fuska biyu. Ba a gwama mai ɗaukar dutse da mai ɗaukar auduga. Sannan lissafin ƙanƙane ne: wanda ya yi aiki biyar ya rasa ɗaya, takarda za ta ce kashi 20, in bai rasa ba ta ce sifiri, alhali tsakaninsu yaro ɗaya ne. A Amurka, shirin NSQIP na yara da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta ƙasar ke gudanarwa yana daidaita lissafi da nauyin ciwon kowane yaro kafin ya gwada asibiti da asibiti, kuma kowane asibiti yana da ma'aikacin da aka horar don tattara bayanan kwana talatin. Mu ba mu da wannan. Abin da za mu iya shi ne mu raba yaran gida-gida: jarirai daban, na gaggawa daban, a kuma rubuta matakin ASA da likitan sa barci ke ba kowane yaro gwargwadon yadda jikinsa yake kafin aiki. Sunayen likitoci sun fita daga rahoto gaba ɗaya.

Shugaban sashe, don ya sanyaya mini rai, ya ba mu labarin Ernest Codman, likitan fiɗa na Boston da ya fara irin wannan kati fiye da shekara ɗari da suka wuce. Yana bin kowane majinyaci har shekara guda ya ga yadda ta kaya. Abokan aikinsa ba su so ba, ya bar babban asibitin Massachusetts a 1914. A ɗan asibitinsa na kansa ya wallafa sakamakon mutum 337 da ya sallama tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kurakurai 123 a ciki. Har zane ya sa aka yi na jimina ta cusa kai a rairayi tana zubo ƙwan zinariya, ya nuna a taron likitoci, aka yi masa ca. Shugaba ya ce, "Ka lura, da kurakuransa ya fara."

Wata gardamar da ta taso ita ce me ake kira matsala. Wani ya ce ɗan ruwan da ciwo ya yi aka matse a gado ba abin rubutawa ba ne. Muka ɗauki ma'aunin Clavien-Dindo na 2004 mai hawa biyar, daga abin da aka gyara a bakin gado, zuwa wanda ya bukaci magani ko ƙarin jini, zuwa komawa tiyata, zuwa ɗakin kulawa ta musamman, zuwa mutuwa. Yana da amfani, sai dai a Zurich aka tsara shi. Hawa na huɗu yana ɗauka akwai gadon kulawa ta musamman da za a kai yaro. A wurinmu sau da yawa babu gadon, sai ka ga kati ya yi tsalle daga hawa na biyu zuwa na biyar. Na ƙara ɗan gurbi: ya bukaci gadon, bai samu ba.

Laraba, 12 ga Maris, 2025

Azumi. Kiran waya ya koma bayan sallar Tarawihi, don da rana ba a ɗauka.

Kiran rana ta talatin shi ne rabin aikin nan, kuma shi ya fi cin rai. Lambar da ke kati galibi ta uba ce, ko ta kawu, ko ta wani maƙwabci mai shago. Layi ba ya shiga, ko waya a kashe don ba caji, ko maigida yana Legas wajen nema bai ga yaron ba tun da aka sallame su. Wani da ya ji an ce daga asibiti ne sai ya kashe, ya ɗauka bashi ake bi. Wani ya ce mini ɗan damfara. Yanzu lamba biyu muke karɓa, kuma tun ranar sallama ake gaya wa iyaye za a kira, a nemi yardarsu, a sa musu lambar sashe a wayarsu. Katunan na cikin akwati mai makulli, abin da ke shiga kwamfuta kuma lamba ce ba suna, saboda dokar kare bayanan jama'a ta 2023, da kuma amana.

Daren jiya na kira mahaifin wani yaro ɗan wata bakwai da hanjinsa ya shige cikin hanji, muka yanke inda ya lalace muka haɗa. Ni na sallame shi, yana shan nono yana dariya.

"Salamu alaikum. Malam, likita ne daga asibiti, wanda ya yi wa yaronku aiki."

"Wa alaikumus salam. Likita, an sha ruwa lafiya? Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi. Na kira ne in ji jikin yaron."

Ya ɗan yi shiru. Ina jin muryar yara a bayansa.

"Ai Likita, yaro ya koma. Yau kwana tara."

Na yi salati, na ce Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Sannan na daure na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce kwana huɗu da komawarsu zazzaɓi ya rufe shi, ya fara amai, ciki ya kumbura. Suka karɓo magani a kemis. Na ce me ya hana a dawo da shi? Ya ce, "An ce mu dawo bayan sati biyu. To sati biyun bai cika ba, Likita." Babu zargi ko kaɗan a muryarsa. Har godiya ya yi mini da muka tuna da su.

Ni na rubuta sati biyun nan da hannuna. A rijistarmu yaron yana cikin waɗanda aka sallama lafiya, kuma da haka zai zauna har abada da ban kira ba. Ma'aunin mace-macen tiyata da Hukumar Lancet kan tiyata a duniya ta sa cikin ma'aunanta shida a 2015 yana ƙirga wanda ya rasu kafin sallama ne, shi ma ASOS-Paeds a cikin asibiti ya tsaya. Na fahimci dalili, shi ne abin da kowa zai iya ƙirgawa. Amma a inda gida ke da nisan kuɗin mota da mutum ba shi da su, lissafin da ya tsaya a bakin get ragagge ne. Haka waɗanda aka rubuta iyaye sun tafi da su. Da dama kuɗi ne ya ƙare, wasu kuma sun ga alamar ba rai, sun fi so a cika a gida. Duk ba sa cikin mamatanmu a takarda.

Daga yau sallama ta canza. Nas za ta zaunar da uwa da wanda ya rako ta, ta faɗa musu da Hausa, ba a takarda ba: zazzaɓi, koren amai, kumburin ciki, ƙin shan nono, ruwa daga ɗinki, ko ɗaya aka gani a taho a ranar, ko da dare ne, kar a jira ranar da aka rubuta. Sai uwar ta maimaita da bakinta. Mun ƙara kira a kwana na uku bayan sallama. Wanda ba shi da kati a waya ya yi filashin, mu za mu kira.

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

An yi Sallah, katuna sun taru ba a shigar ba. Wani ƙaramin likita ya gina mana fom a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, yana aiki a waya ko babu intanet. Amma katin takarda yana nan, shi ne ke rataye a gado inda kowa zai gani. Kuɗin kira har yanzu daga aljihuna.

Talata, 20 ga Mayu, 2025

Na ɗauko katunan waɗanda suka rasu a asibiti na jera su a kan teburi bisa sa'ar da suka cika. Tarin ya karkata wuri ɗaya, tsakanin tsakar dare da asuba, kuma ba a ranar aiki ba, a kwana na biyu zuwa na biyar. Binciken ASOS na manya da aka buga a 2018 ya ga irin wannan, kusan duk mace-macen bayan ranar tiyata suka faru. Matsala takan zo wa kowa, a ko'ina. Abin tambaya shi ne wa ya gani, ƙarfe nawa, kuma da ya kira wa ya zo.

Da na duba takardun awo na daren da kowane ya rasu, sai na ga alamar tana nan tun da wuri. Bugun zuciya yana hawa tun magariba, numfashi yana sauri, an rubuta da kyakkyawan rubutu, ba a kira kowa ba. Sista ta ce, "Dakta, in na kira a ce mini a ci gaba da lura. Sau nawa zan kira?" Wannan ma namu ne.

Mun buga takardar awo mai launi gwargwadon shekarun yaro. Awo ya faɗa ja, nas ta kira, likita ya zo da ƙafarsa cikin rabin sa'a, a rubuta lokacin kira da lokacin zuwa. Gadaje huɗu da ke gaban teburin nas na waɗanda suka fi jin jiki ne, na'urar auna oksijin ta yatsa tana wurinsu. Iyaye mata kuma an ce su tashi nas ba tare da jin nauyi ba.

Likitan sa barci ya tuna mini cewa an gwada kusan irin wannan a gwajin ASOS-2 na 2021, a asibitocin Afirka sama da 300, kuma mace-mace ba su ragu ba. Gaskiya ne. Amma masu gwajin da kansu sun nuna cewa a wurare da yawa ba a aiwatar da tsarin yadda aka tsara ba. Shi ya sa ban tsaya jiran lissafin mutuwa ba, wanda zai ɗauki shekaru kafin ya nuna wani abu. Abin da nake ƙirgawa kowane mako shi ne sau nawa aka shiga ja, sau nawa aka kira, minti nawa aka yi kafin a zo.

Laraba, 9 ga Yuli, 2025

Damina ta sauka, taifot ya biyo ta. Yara 'yan shekara shida zuwa goma sha biyu, sati biyu ana fama da zazzaɓi a gida da kemis, sai hanji ya huje a kawo su ciki kamar ganga. Ɗinkinsu ne ya fi yin mugunya, wani ma ya buɗe.

An kira shugaban sashe daga ofishin gudanarwa, wai rahotonmu ya nuna ciwon da ke ruɓewa ya ƙaru sosai a kan na bara, me ke faruwa? Ya amsa musu cewa bara ba a ƙirga ba. Na ji daɗin yadda ya tsaya mana, don da ya nuna ɓacin rai da gobe gurbin nan zai koma fari fat, kowa ya huta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ke hannunmu a nan shi ne lokacin ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Takardar tantancewa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambaya 19 da aka fitar a 2008, tana tambaya ko an ba da shi cikin minti 60 kafin a sa wuƙa. A gwajin farko a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8. Takardar tana cikin kowace folda a wurinmu, an yi mata maki tsaf. Na tsaya na kalli yadda ake cike ta: bayan an gama aiki, mutum ɗaya, a tsaye, cikin daƙiƙa goma. Da muka fara rubuta ainihin lokacin allura da ainihin lokacin yanka sai abin ya fito. Ko dai an ba da maganin tun a ɗakin gaggawa sa'o'i da yawa kafin a samu shiga tiyata, ko kuma an riga an buɗe ciki uba yana can waje yana neman kuɗin sayowa.

Metiron ta kawo dabarar akwati: a ajiye allurar farko a ɗakin tiyata, a yi wa yaro, iyaye su mayar daga baya. Wata ƙungiyar mata da ke kawo wa marasa lafiya abinci ta zuba jarin farko. Ba kowa ke mayarwa ba, akwatin yana raguwa a hankali, amma bai ƙare ba tukuna. Tambayoyin kuma yanzu da baki ake yin su, nas ce ke karantawa, ba a miƙa wa likita wuƙa sai an amsa. Makon farko an yi ta dariya. Ranar Litinin tambayar ta kama jinin da aka kawo da lambar wani yaro daban, tun daga nan dariyar ta ragu.

Alhamis, 28 ga Agusta, 2025

Zanen zafin jikin jarirai da ke manne a bangon ɗakin tiyata ya hau tun Fabrairu ya zauna a sama, sai ga shi ya faɗo a makonni ukun nan. Babu hunturu, to me ya faru? Sababbin likitoci masu horon shekara ɗaya sun zo, tsofaffin sun koma wani sashe, babu wanda ya gaya wa sababbin zancen hula da leda. Biyu cikin ma'aunai huɗu kuma batirinsu ya mutu. Na rubuta shafi ɗaya da za a riƙa ba duk wanda ya shigo sashen a ranarsa ta farko.

Ni ma jarrabawata ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma tana tafe a Oktoba, dole in ja baya. Mun rubuta wa hukumar asibiti muna neman ma'aikaci ɗaya na tattara bayanai da kuɗin kira na wata-wata, muka kafa hujja da tsarin ƙasa na tiyata na 2019 zuwa 2023, wanda ya sa tiyatar yara a cikinsa. Ba a amsa ba tukuna. Kafin nan Sista mai aikin safe ta karɓi wayar sashe, ƙaramin likitan da ya gina fom ya karɓi akwatin katuna.

Da hantsi yau wata tsohuwa ta shigo da yarinya goye, ta kwance bakin zani ta fito da katin rigakafi mai guntun lambarmu. Jikarta ce da muka buɗe wa hanji ta ciki don ta samu yin bahaya. Mun kira sau uku ba mu samu ba, har na rubuta ba a same su ba. Ta ce wayar ɗanta ce ta faɗa rijiya, ita kuma an ce mata ran talatin za a tambaya, shi ya sa ta biyo motar kasuwa. Na ce, "Sannu Iya, kin kyauta." Muka ɗora yarinyar a sikeli, ta ƙaru. Fatar gefen hanjin ta ɗan saɓule, Sista ta nuna mata yadda za ta riƙa shafa man kaɗanya mai tsabta ta rufe da tsumma mai laushi. Na soke abin da na rubuta, na sa kwanan wata, na ba ta ranar da za a fara shirin aiki na biyu.

Kira shida ke jira gobe, biyu na kwana uku, huɗu na talatin. A sayo batir.